Wa Ya Kwashe Dashen Mawaƙa

Ranar Talata da hantsi Rekiya ta sauka fadama da bokitinta don yi wa dashe ban ruwa, sai ta tarar babu abin da za ta ba ruwan. Rumfar kara tana nan, shingen ƙaya yana nan, ƙofar langa-langa a kulle da kwaɗonta. Amma a ƙarƙashin rumfar, inda ledojin dashe suke jere tun rani, babu komai sai shatin gindinsu a kan ƙasa mai laima.

Rekiya ita ce shugabar mawaƙan cocin Unguwar Maje, wani ƙauye a mazaɓar Zoza. A shekarar nan babbar majami'ar Kano, wadda suke kira katidiral, ta shirya tarukan waƙoƙin yabo a kan kula da halittar Allah, kowace Asabar da ƙungiyar da za ta rera. Unguwar Maje aka ba Asabar ta rufewa, kuma Rekiya ta yi alkawari a gaban bishop cewa duk wanda ya zo sauraro zai koma gida da itace a hannunsa: ɗorawa, tsamiya, ko darbejiya. Ba matan coci kaɗai suka reni dashen ba. Maƙwabciyarta Turai, Musulma, ta kawo matan unguwarsu sun yi rabin aikin, da sharaɗin za a ware na maƙabarta da na ƙofar Islamiyya.

Kafin azahar ƙofar gidan mai unguwa Ɗantala ta cika. Samari suka ce sawun shanu ya cika bayan shingen, kuma kowa ya san shanun Jibo, makiyayin da ke ruga a bayan gari, ne ke bi ta nan. Wasu suka ce a tambayi Dogara mai ganga, tunda mabuɗi na biyu yana wurinsa. Sai wani daga baya ya ce, "Akwai dai waɗanda ba sa son a ji muryarmu a Kano."

Turai tana tsaye a wurin. Ta dubi Rekiya ko za ta tanka, Rekiya tana share hawaye ba ta ma ji ba. Turai ta ja mayafinta ta tafi, matanta suka bi bayanta.

Ana cikin haka motar Ɗanmaliki ta tsaya. Ɗan kwangila ne daga cikin garin Rogo, shi ya yi wa mawaƙan alkawarin babbar motar da za ta kai dashen Kano. Ya jajanta, sannan ya ce, "Mai unguwa, abin a fili yake. A kira ƴan sanda su ɗauko Bafillacen nan kafin ya tashi."

Ɗantala ya dubi samarin da suka fara neman sanduna, ya ce, "Ba wanda zai taka rugar Jibo. Na aika ƙauyen Kurugu a ɗauko mini Lukumanu."

* * *

Lukumanu tsohon maharbi ne, siriri, marar yawan magana. Tun da namun daji suka ƙare ya rataye bindigarsa, ya koma bin sawun shanu da baburan da aka sace. Ya sauka daga acaɓa bayan la'asar, ya gaisa da mai unguwa har sai da aka tambayi gida da gona da gajiya, sannan ya ce Rekiya kaɗai ta raka shi fadama.

Bai shiga ta ƙofa ba. Zagaya shingen ya yi a hankali, yana taɓa ƙayar da sandarsa. A bayan rumfa ya tsaya.

"Malama Rekiya, wa ya yi muku shingen nan?"

"Mu muka yi, Baba."

"Ko'ina kun kafa gindin reshe a ƙasa. Nan kuwa ɗora shi aka yi a kwance. An janye, an wuce, an mayar cikin sauri." Ya durƙusa kan sawun shanun, ya daɗe yana kallo. "Dashen, mutum zai iya kwashewa a ka?"

"Sai dai in gari guda aka tara."

Ya nuna mata wani layi mai zurfi da kofato ya tattake. "Amalanke ne, kuma ya yi sawu ya fi sau ɗaya. Shanun a kansa suka taka. Daga baya suka zo."

Rekiya ta ce, "Baba, Asabar ce fa. In na je hannu wofi, da wane baki zan rera waƙar itace?"

"Wanda ya mayar da shinge bai zo ɓarna ba," in ji Lukumanu. "Da ransu yake son su. Ki je ku ci gaba da koyon waƙarku."

* * *

A ruga ya tarar matan Jibo suna ɗaure ƙore da tabarmi. Jibo ya fito da sanda a kafaɗa, fuskarsa ba walwala.

"Malam, in kama ni ka zo yi, ga ni. A bar mini iyali kawai."

"Tambaya na zo yi. Da safe ka bi ta bayan shingen?"

"Kullum nan nake bi zuwa mashaya. Saniya tana cin ganye, amma ban taɓa ganin wadda ta haɗiye leda da ƙasarta ta kuma share wurin ba."

"Ka ga sawun amalanke?"

Jibo ya ɗan saki fuska. "Na gani, sabo. Bijimai biyu ke ja. Na hagu yana jan ƙafar baya, tsohon ciwon kofato ne da ba a kula da shi ba. Na so in faɗa, amma wa zai saurare ni yau?"

"Ni na saurara. Ka ce su kwance kayan nan."

Dogara kuwa a bayan coci ya same shi, yana ɗaure igiyar ganga. Kowa ya san sun yi faɗa da Rekiya a makon da ya wuce, saboda ta cire waƙarsa daga cikin waɗanda za a rera, ta ce ta cika tsawo.

"An ce ka ce za a ga in dashen nan zai kai Kano," in ji Lukumanu.

"Na faɗa, cikin fushi. Amma maganar mota nake yi. Duk lokacin da na je wurin Ɗanmaliki sai ya ce gobe. Ni da na yi ta ɗebo musu ruwa a rijiya tun zafi, ni zan sace?"

"Nuna mini hannuwanka."

Dogara ya miƙa. Kanta ce kawai ta kiɗa, babu ƙarjin ƙaya ko ɗaya. Lukumanu bai wanke shi ba tukuna, don mai mabuɗi ma yana iya sa wani ya ja shinge. Ya dai yi masa sallama.

* * *

Washegari da sassafe ya bi sawun amalanken. Ya ratsa gonar gyaɗa, ya bi gefen rafi, ya hau kan burji, nan ya ɓace. A wurin akwai ɗigon baƙin mai da sawun tayoyi masu faɗi, alamar an juye kayan a mota. Burji ba ya riƙe sawu, kuma hanyar ta rabu, ɗaya ta yi Rogo, ɗaya ta yi Karaye.

Lukumanu ya shiga ciyawar gefen hanya yana buɗa ta da sanda. Can ya ga leda ɗaya da ta faɗo ta fashe, ƴar ɗorawar ta kwanta a gefe. Ya tona ƙasar da yatsa. A gindin ledar akwai tsingaro ƙanana, kowanne da shuɗin fenti a bayansa. Ya juya su a tafin hannu, ya zuba a aljihu, ya naɗe ɗorawar a gefen rigarsa.

Gidan Turai ya nufa. Ta fito zaure, suka gaisa, amma gaisuwarta a taƙaice.

"Malam, in maganar dashen ce, mun cire hannu. Mu da muka yi ta tsintar taki da hannunmu, yau mu ne ba ma son a ji muryarsu."

"Wanda ya faɗa bai kyauta ba. Amma dubi wannan." Ya buɗe tafinsa.

Turai ta sunkuya, sai muryarta ta sauya. "Tulunansu ne na kiɗa, waɗanda matan ke bugawa in suna waƙa. Tsofaffin ne suka farfashe a hanya, Rekiya ta zauna tana kuka. Ni na ce mata kada a zubar, mu daddaka mu sa a gindin leda don ruwa ya riƙa tsanewa."

"Kowace leda?"

"Kowace. Ni na raba da hannuna."

"Wa ya sani?"

"Mu mata kawai. Wane namiji ne zai tambayi abin da ke gindin leda?"

"To ki riƙe shi a bakinki. In na aiko, ki zo."

* * *

Masu amalanken shanu a Zoza ba su da yawa. A gida na uku ya ga bijimin, ja, yana jan ƙafar baya. Mai shi Sabi'u ne, magidanci mai ƴaƴa ƙanana. Amalanken an wanke shi tas, abin da ba a saba yi da damina ba, kuma bayan hannuwan Sabi'u duk ƙarji ne.

"Taki na kai gonar wani ta wajen fadama," in ji Sabi'u tun ba a tambaye shi ba.

"Allah ya ba da albarka. Ka sa wa bijimin nan magani, zai gurgunce."

Lukumanu ya tafi bai matsa masa ba. Ya san in labari ya kai ga wanda ya ba da aikin, za a iya zube dashen a rami cikin awa ɗaya, a bar kowa da zargin juna har abada.

Sai ya sake lissafi. Mai son dashe da rai dole ya nemi ruwa, kuma an kwana biyu ba a yi ruwan sama ba. Ya hau acaɓa ya dinga bin rijiyoyi da famfunan burtsatse, yana gaisawa da ƴan garuwa. A ɓangaren Rogo ba abin da ya sauya. Da ya tsallaka mazaɓar Daura ta Karaye, sai ya tarar mata a layi suna mita, wai tun jiya ba a samun ɗan garuwa ko ɗaya, duk an ɗauke su aiki a filin bayan gari.

Filin ya san shi. Shekara guda ke nan da aka kafa allo a wurin, cewa wata ƙungiya daga birni ta ba da kwangilar dasa itatuwa don tare iska da zaizayar ƙasa. Tun daga lokacin ba abin da ya tsiro sai allon. Yau kuwa layi-layi ne na ɗorawa da tsamiya da darbejiya, kore shar.

"Aikin wa?" ya tambayi wani ɗan garuwa.

"Na Ɗanmaliki. Gobe masu aikin za su zo dubawa."

Lukumanu ya tsuguna kamar mai gyara takalmi, ya cusa yatsa a gindin wata tsamiya. Yatsan ya taɓa leda. Saboda gaggawa, ko cire ledojin ba a yi ba, haka aka binne su.

* * *

Ranar Alhamis da hantsi Ɗanmaliki yana zagayawa da baƙinsa biyu, mace da namiji, yana nuna musu layukan da hannun babbar rigarsa, sai ga a-kori-kura ta tsaya. Mai unguwa Ɗantala ya sauko, da dagacin wurin, da wani sajan na ƴan sanda. Bayansu Rekiya da Turai, kowace tana kallon gefe guda, sai Dogara, da Jibo, da Sabi'u wanda aka ce masa aikin dako ne. Samarin Unguwar Maje suka biyo a kan babura.

Ɗanmaliki ya tare su da fara'a. "Mai unguwa, lafiya? An kama ɓarawon ne?"

"Lukumanu ne ke da magana," in ji Ɗantala.

Lukumanu ya nemi afuwar baƙin, sannan ya juya ga jama'a. "An ce Jibo ne. Shanunsa a kan sawun amalanke suka taka, kuma shi ya fara gane bijimin da ya ja kayan. An ce Dogara ne. Mabuɗinsa bai yi aiki ba, ta baya aka shiga. An kuma faɗi wata magana a kan su Turai, wadda ba zan maimaita ba." Ya dubi Sabi'u. "Amalanken naka ne. Amma kai ba ka da mota, ba ka da fili."

Sabi'u ya sunkuyar da kai.

"Ranka ya daɗe," Lukumanu ya ce wa Ɗanmaliki, "wannan dashe mai kyau, daga ina?"

"Daga Zariya na sayo, wurin masu renon itace. Me ya haɗa shi da naku? Ɗorawa duk ɗorawa ce."

"Gaskiya ne. To zaɓi ɗaya, duk wadda ka ga dama."

Ɗanmaliki ya yi dariya, ya nuna wata a can ƙarshen layi. Lukumanu ya ce, "Kafin a tona, Malama Turai, me za a samu a gindinta?"

Turai ta ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Tsingaron tulu, mai shuɗin fenti."

Sajan da kansa ya karɓi fartanya. Sara biyu ledar ta fito ɗungurungum. Baƙuwar ta dubi abokin aikinta, ta ce, "Da ledar aka dasa?" Sajan ya yaga gindin, ya zazzage a tafinsa, ya ɗaga. Shuɗin ya fito sarai a rana.

"Tsautsayi ne," in ji Ɗanmaliki. "Wataƙila ɗaya ce ta..."

"Zaɓi wata."

Bai zaɓa ba. Baƙuwar ce ta zaɓa, ta kuma sake zaɓa a wani layin. Duk abu ɗaya. Rekiya ta karɓi tsingaro guda ta riƙe, ta ce, "Na tulun mahaifiyata ne. Ita ta fara buga shi a cocinmu."

Nan Sabi'u ya durƙusa gaban mai unguwa. "Ranka ya daɗe, cewa ya yi ya saya a wurin matan, kawai ba sa son a sani. Da ya ce ta baya zan shiga, na gane ƙarya ce, amma na riga na karɓi aikin. Da aka fara maganar ƙona rugar Jibo, ban ƙara iya cin abinci ba."

Ɗanmaliki ya matso kusa da Rekiya, ya rage murya. "Mama, a rufa wannan. Zan biya duk abin da kuka ce."

"Ba don sayarwa muka rene su ba," in ji ta. "Jibi za su Kano."

Sajan ya buɗe wa Ɗanmaliki ƙofar mota, ya ce ya shiga, sai ofishin ƴan sanda. Ɗantala ya juya ga samarin. "Ku da kuka ɗauko sanduna, ga Jibo nan." Suka zo ɗaya bayan ɗaya suna ba shi haƙuri, wanda ya yi maganar nan a ƙofar gida ya je gaban Turai ya cire hula. Rekiya ta kama hannunta. "Yaya Turai, sai jiya aka gaya mini abin da aka faɗa a gabana. Ki yafe mini shirun da na yi."

Turai ta ce, "Bari wannan. Rana tana yi, a samo fartanyoyi."

Binnewa da leda da aka yi ita ta ceci dashen, don saiwa ko ɗaya ba ta tsinke ba. Har la'asar ana tono, ƴan garuwa suna yayyafi, Jibo yana jerawa a inuwa. Baƙin suka ce motar ofishinsu za ta kai kayan Kano. Rekiya da Turai suka yi shawara, suka bar wa mutanen wurin layi biyu na bakin hanya, aka cire musu leda aka dasa yadda ya kamata.

* * *

Ranar Asabar katidiral ta cika har bakin ƙofa. Lukumanu ya ce shi a harabar zai zauna ya tsare dashe, tunda an taɓa sacewa. Turai da matanta suka shimfiɗa tabarma a inuwar motar. Tagogin a buɗe suke, ga kuma lasifika a waje.

Aka fara da tuluna, ƙasa-ƙasa, kamar hadari daga nesa. Sai muryar Rekiya ta tashi ita kaɗai, mata suka amsa, maza suka shigo daga ƙasa, ginin gaba ɗaya ya ɗauka. Suka rera ta ruwan sama, suka rera ta ƙasar noma. Sannan ganga ta shigo, aka fara wata doguwa.

*Ubangiji, kai ka dasa kurmi kafin ka yi mutum,*
*Ka ba barewa gida, ka ba gada inuwa.*
*Mun sare, mun ƙone, mun tsaya a rana,*
*Ga hannuwanmu, koya musu shuka.*

Waƙar ta dinga kiran dazuzzukan da suka shuɗe da sunayensu, da rafukan da suka ƙafe tsakanin Rogo da Karaye. Lukumanu ya san kowanne, ya kwana a wasunsu yana saurayi. Ya ajiye sandarsa a cinya, bai motsa ba har aka kai ƙarshe.

"Ta Dogara ce," in ji Turai. "Rekiya ta mayar da ita jiya. Ko baiti ɗaya ba ta rage ba."

Kafin waƙar rufewa Rekiya ta karɓi makirufo. Ta ce itatuwan da ke waje ba na coci kaɗai ba ne. Ta kira sunan Turai da na matanta ɗaya bayan ɗaya, ta kira Jibo makiyayi, ta kira Lukumanu na Kurugu. Tafin da aka yi ya tayar da tantabarun da ke kan rufi. Turai ta rufe fuska da mayafi tana cewa, "Wannan mata, har da sunana a lasifika."

Sai ƙofofi suka buɗe. Mawaƙan suka fito suna rerawa, bishop a bayansu, jama'a suka biyo. Matan Turai suka miƙe suna miƙa dashe, hannu bayan hannu, har layi ya fita titi. Masu adaidaita suka tsaya kallo, wani ya sauko ya ce shi ba a nan yake ibada ba, amma yana da fili a ƙofar gida. Turai ta zaɓo masa tsamiya mai ƙarfi.

Kafin rana ta yi sanyi motar ta zama wayam, sai kason maƙabarta da na Islamiyya da aka ware a gaba. Lukumanu ya dawo daga sallar la'asar a masallacin da ke bayan layin, ya tarar Rekiya zaune a kan taya, muryarta ta dushe, takalmanta a hannu.

"Baba, ka ji mu?"

"Na ji. Duk unguwar nan ta ji."

"Babu ko ɗaya da ya rage," ta ce, tana dariya tana share ido.

"To ku hau mu tafi," in ji Turai daga bayan mota. "Hadari ya haɗo ta yamma. In aka yi ruwa yau, gobe da safe namu za mu dasa."